Bencin Ƙofar Likita

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya marasa lafiyanku? Allah ya ba su sauƙi. Kawu direba ne zai miƙa miki wannan. Kin san bakina ba ya buɗuwa a wayar Umma, balle tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri.

Umma ta ce miki Baba hutu yake yi. Ba hutu ba ne, Yaya, sallamarsa aka yi. Kamfani ya tara duk masu tallan magani a zauren wani otal, wai horo za a ba su. Ni na goge masa farar rigarsa da hannuna. Da suka zauna sai wani mutum daga hedkwata ya bayyana a allo, ya ce yanzu likitoci a waya suke karanta bayanin magani, ba a bukatar mai yawo da jaka. Manyan likitoci kaɗai za a riƙa ziyarta, su ma manajoji ne za su je. Kowa ya ajiye makullin mota da waya da jaka a teburin bakin ƙofa.

Kin san wa aka tsayar a teburin? Mai Turare. Yaron da Baba ya koya wa aiki, wanda ƙamshinsa ke kwana a labulen falonmu, wanda aka ba muƙamin manaja bara. Ina bayan labulen nan na ji Baba yana koya masa cewa jakar magani ba ta taɓa ƙasa, a cinya take zama ko a benci, in ka tashi ita ke riƙe maka layi. In kuma ka shiga wurin likita, kafin ka fito sai ka ce masa akwai ɗan'uwanka a waje, ko da na kamfanin da kuke gasa ne, don kada likita ya sulale ta ƙofar baya. Yana ta cewa "To, Baba, to, Baba," kamar mutumin kirki.

Wani abokin aikin Baba ya faɗa wa Umma cewa da layi ya zo kan Baba, Mai Turare ko kai bai ɗaga ba. Ya karɓi jakar nan mai hannun da Umma ta ɗinke da baƙin zare, ya ce, "Na gaba."

Yanzu Baba yana falo ƙarƙashin agogon kamfani, hannuwansa a cinya kamar yana riƙe da wani abu. Ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Gidan nan kuwa komai da sunan maganin hawan jinin nan a jikinsa, kofuna, tawul, kalanda, har lema. Umma ta juya kofunan suna kallon bango. Ta ce masa ya sayar da magani har ya zama mai bukatarsa, bai yi dariya ba.

A littattafan da nake karantawa, in namiji ya yi irin wannan, sai an kai babi na ƙarshe kafin ya durƙusa yana kuka. Ni ba zan iya jira ba. Ke ce ke tsaye a ƙofar Babban Likita, kuma Babban Likita yana cikin waɗanda dole ya zo ya gani. Ki zaunar min da shi a bencin nan, Yaya. Ki zaunar da shi har turaren ya gudu daga jikinsa.

Ki gaida mai gidanki, ki sumbatar min yaran.

Ƙanwarki,
Auta


Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu saƙonki, kowa lafiya. Na yi kuka a ɗakin allura, na wanke fuska, na koma aiki. Da ma na san Baba ba mai hutu ba ne, mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya ɗaura agogo.

Kafin komai, wannan shuɗin rubutun na gane shi. Biron da Mai Turare ya ba ki ne ranar da kika kawo musu ruwa kika kusa kifar da tire. Kina tsine masa da bironsa. Allah ya shirye ki.

Ya zo. Ƙamshinsa ya riga shi shigowa, har wata tsohuwa mai asma ta koma ƙarshen benci. Bai gane ni ba, kin san da takunkumi nake aiki, kuma irinsu ba sa kallon fuskar nas. Ya miƙo min katinsa da yatsu biyu, ya ce shi manaja ne, yana sauri. Na ce masa marasa lafiya tukuna, haka doka take. Ai kuwa haka take, ban ƙara komai ba. Abin da na ƙara shi ne, duk sanda benci ya kusa ƙarewa sai in aika masinja ɓangaren gwaji ya turo min masu jiran sakamako. Duk wanda zan kira sai in kalli Mai Turare, ya ɗan ɗago, sannan in ce "Na gaba," in nuna wani.

Da rana ta yi ya cire kwat. Da yamma rigar ta manne masa a baya. Likita ya fita ta baya bai ma san da shi ba. Ya dawo wani satin, muka maimaita. Jiya na ji shi a waya yana rantsuwa wa ogansa cewa ya zo, wallahi ya zo.

Jakar Baba ce a hannunsa. Na ga ɗinkin Umma.

Kada ki faɗa wa kowa. Ki rage karatun soyayyar nan ki duba littafin lissafi. Ki gaida Umma da Baba.

Yayarki


Yayata, sanyin idanuna,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Na karanta wasiƙarki har takardar ta yi laushi. Wurin da rigar ta manne masa na fi so. Na kwanta ina ƙara abin da kika rage: ƙuda ya sauka masa a hanci, wani jariri ya yi masa amai a takalmi, sai ga ni na shigo cikin doguwar riga, na wuce ta gabansa ban ko kalle shi ba. Na san a zahiri da na gan shi sai harshena ya ɗaure, shi ya sa nake so ke ki yi. Biro kuwa biro ne kawai, yana rubutu mai kyau, kada ki ƙara tayar da maganar.

Akwai labari. Wani mai ƙaramin kamfani ya zo har gida yana roƙon Baba ya riƙe masa talla. Maganin hawan jini ne shi ma, mai sauƙin kuɗi, babu mota, babu kofuna, samfurin ma a jakar leda ya kawo. Baba ya ce zai yi tunani. Da baƙon ya tafi ya ce wa Umma da wace fuska zai koma bencin da ya saba zama da jakar fata, yanzu da leda kamar mai tallan tarkace a tasha. Umma ta ce fuskar da ta aura ita zai je da ita. Ledar tana kan tebur, yana zagaye ta kamar za ta cije shi.

Sai dai akwai matsala. Tsofaffin abokan aikinsa sun ji ana gasa wani manaja a bencin Babban Likita, sun zo suna ba Baba labari suna ƙyaƙyatawa. Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi wace nas ce a ƙofar, sannan ya juyo ya kalle ni, ni kuwa na shige kicin. Ya ce in kawo masa takarda.

Komai ya rubuto miki, kada ki sassauta. Ni ban huce ba.

Taki har kullum,
Auta


Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ke da mai gidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, sai godiya.

Labari ya iso ni cewa ana barin wani mai tallan magani a ƙofar da kike tsaro har likita ya tashi. Ban tambaya ko ke ce ba, kuma ba na so ki ba ni amsa. Abin da zan ce shi ne, a bencin nan na ciyar da ku. Na san zafin katakonsa, na san yadda mutum ke murmushi ga nas alhali ƙafarsa ta mutu. Ba na so a ce 'yata ta mai da shi wurin horo. Abin da ke tsakanina da yaron nan nawa ne, ban ba ki aro ba, ban ba ƙanwarki ba.

Na karɓi aikin ƙaramin kamfanin. Zan fara da asibitinku, don in ƙafata ta iya taka wannan ƙofar za ta iya taka kowace. In kin gan ni, ba ki san ni ba. Ki bi layi yadda yake.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki


Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don labarin ba zai jira ba. Ki zauna kafin ki karanta.

Baba ya zo da farar rigar nan da ledarsa. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida kowace nas, na amsa kamar yadda ake amsa wa kowane tsoho. Mai Turare ya riga shi zuwa. Na riga na yanke cewa zan bi umarnin Baba in shigar da shi, ko da zan haɗiye harshena.

Da ya ga Baba sai ya daburce, ya ɗan miƙe, ya koma ya zauna. Baba ya yi masa sallama, ya zauna a gefensa, ya ɗora ledar a cinya ya dafa ta da hannu biyu. Mai Turare ya kalli ledar ya ce ai da Baba ya huta, aikin nan ya canza, yanzu komai a waya yake. Baba ya ce haka ne. A nan idon Baba ya sauka ƙasa, nawa ma ya bi shi. Jakar tana ƙarƙashin benci, Auta. A ƙasa, kusa da kwandon shara, Mai Turare ya ɗora takalminsa a kai kamar matashin ƙafa. Baba ya daɗe yana kallon wurin. Na ga jijiyar nan ta gefen kansa ta tashi.

Mara lafiya na ƙarshe yana ciki sai wayar Mai Turare ta yi ƙara. Ogansa ne. Ya fita baranda yana "Ranka ya daɗe," ya bar jakar inda take. Mara lafiya ya fito. Na tsaya a ƙofa na ce, "Mai tallan magani." Na kalli baranda, na kalli Baba, na ce masa a hankali wancan ya riga shi.

Baba ya ce, "Ban ga jaka a benci ba."

Ya sunkuya ya ciro ta, ya goge sawun takalmin da hankicinsa, har hannun da Umma ta ɗinke ya shafa, ya ajiye ta a benci. Sannan ya shiga.

Likita ya taso daga kujerarsa, ya ce ina ya shige, ya yi zaton ya mutu. Baba ya buɗe ledar. Ya yi bayani yadda ya saba, a nutse, ba ƙari, likita yana juya kwalin yana tambaya. Ya ce zai gwada wa waɗanda tsadar maganin tsohon kamfaninsa ta sa suke tsallake kwana. Da suka gama likita ya ɗauki makullinsa, ya tambaya kamar yadda ya saba tambayar Baba, ko akwai wani a waje.

Kin san amsar da Baba ya koya wa duk yaron da ya bi ta hannunsa.

Baba ya ɗaure bakin ledarsa tukuna. Ya ce, "Marasa lafiya sun ƙare, likita. Allah ya huta gajiya."

Likita ya fita ta baya. Baba ya fito ta gaba, ya tarar da Mai Turare ya dawo yana gyara wuyan riga. Ya wuce shi, ya kai bakin ƙofa, ya juyo ya nuna masa ƙofar likita ya ce, "Na gaba."

Ni na buɗe masa ɗakin. Fanka kawai ke juyawa.

Baba bai tsaya cin abinci a gidana ba, ya ce akwai asibiti biyu a hanya. Kada ki nuna masa kin sani.

Yayarki


Yaya,

Assalamu alaikum. Baba ya dawo da ƙura a takalmi, ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ban nuna masa na sani ba. Da safe ya ce in goge masa riga. Umma tana ɗinka wa ledar hannu.

Ki yi haƙuri da fensir. Biron yana cikin ambulan ɗin nan, tawadarsa ta ƙare a kanki. In ya sake zuwa ki ba shi, ki ce wata ta ce ya riƙa juya shi a benci, yana rage tsawon jira. Kada ki faɗi wace ce.

Ki dai duba min ko zai gane shi.

Auta