Sunayen Mutanen Jirginku

Zuwa ga Yayana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina rubuto maka ne daga Sri Petaling, wata unguwa a nan ƙasar waje, inda karatun Baban Amira ya kawo mu.

Shekara tara ke nan da aka nutsar da jirgin sintirinku a Tafkin Chadi, ba a ga gawarka ba. Ka san ni da littafina, har ranar da gas ya ƙare ina rubutawa. Amma ban taɓa rubuta cewa ka rasu ba. "Ya ɓace" nake sawa. Ko imani ne, ko taurin kai, ban sani ba.

A surau, ƙaramin masallacin unguwarmu, suna da wata al'ada. Kowa ya rubuta sunayen mamatansa, liman ya karanta, jama'a su yi addu'a. Sau uku maƙwabciyata Aishah tana miƙo min takardar, in sa Inna da Baba, in tsallake ka.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kawo mahaifin Aishah wurin addu'ar. Tsoho ne tukuf, sojan ruwa kamarka. A wani yaƙi da aka yi a tekunsu yana saurayi, shi kaɗai ya fita daga jirginsu da rai.

Bai rubuta komai ba, Yaya. Miƙewa ya yi ya kira mutanensa da ka, bisa yadda suke tsayuwa a jirgi, daga mai bindigar gaba har mai inji. Bayan kowane suna sai ya ɗan saurara, kamar za a amsa. Ina bayan labule ina jin sa. Su ma ruwa ne ya riƙe su, ga shi har yau ana kiransu.

Sai na tuna yadda kake cewa a waya, "Mu biyar ne, Hajara, kwano ɗaya muke ci." Na karɓi biro. Na sa ka, na sa Dogo, Mai Inji, Ɗan Bauchi da Oga Sule. Haka na san su. Ban taɓa tambayarka sunayensu na yanka ba, nan kuwa har da sunan uba ake sawa. Kunya ta kama ni, na faɗa wa Aishah, ita kuma ta kai wa mahaifinta maganar. Tsohon ya aiko min da saƙo ta bakin Aishah: "Boleh, babu laifi. Wanda ya halicce su ya san su."

Harshen liman ya yi ta tuntuɓe a kansu, bai tsallake ko ɗaya ba. Mutanen da ba su san inda Tafkin Chadi yake ba suka amsa da amin, masallaci ya ɗauka.

In kuskure na yi, kana raye a wani wuri, ka yafe min.

In kuwa ba haka ba, Allah ya jiƙanka, Yayana. Ya jiƙan mutanen jirginku da na jirgin tsohon nan, ya karɓe ku a matsayin shahidai.

Ƙanwarka,
Hajara