Batirin Ordinatar Sallau

Angona Yazidu,

Kana kasuwa na tarar da ordinatar nan, wato kwamfutar da ka harhaɗa wa Sallau, a buɗe. Na ciro ɗan batirin nan mai kamar dala, na sa a injin awon sugana, na maida. Da matarka Adawiyya ta kunna, ta ce cire batirin ya sa gyaranka na bios, wato saitin injin, ya goge, gudun memuwar, ƙwaƙwalwar injin, ya sauko daga 3200 zuwa 2133. Ka yi haƙuri. Maida gudun kan 3200 yanzu-yanzu, don Sallau ya rantse in bai ga lambar ba, Maraɗi zai kai aikinsa. Na tafi gidansu in tsare shi da labarin faɗan maƙwabta. Ko na ƙara gishiri, ba zai wuce la'asar bai zo wurinka ba.

Sugan dai lafiya lau.

Kakarka Baraka