Katin Takwarar Inna

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Yau ma mun yi faɗa da Inna a kan shayi. Na kama ta tana zuba sukari cokali uku. Wai jikinta ne ke rawa, in ta sha sai ya daina. Na ce Inna, Dakta Mahdi da kansa ya ce kina da ciwon suga, kin fi shi sani ne? Na ɗauke gwangwanin na kulle a ɗakina. Wata biyar ke nan tana shan maganinsa, sai ramewa take.

Alhamis, 4 ga Yuli

Inna ta faɗi. Ina makaranta ina koyar da 'yan aji huɗu maƙwabciya ta kira ni. Na tarar da ita a bakin murhu, gumi sharkaf, ba ta gane ni ba. Ba mu bi ta kilinik ɗin Dakta ba, babban asibiti muka nufa.

Juma'a, 5 ga Yuli

Inna ba ta da ciwon suga. Ba ta taɓa yinsa ba!

Likitar da ta duba ta ta juya ƙwayoyin a hannu, ta ce, "Wa ya ba ta wannan?" Su ne suka zuƙe mata suga har ta suma. Hawan jini kawai gare ta, shi kuma ba a taɓa ba ta maganinsa ba. Innalillahi. Ni ce nake ɓallo ƙwayar kullum da safe, in tsaya a kanta sai ta haɗiye.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ban iya cin komai ba.

Talata, 9 ga Yuli

Na je kilinik ɗin. Afra'u, mai ba da kati, ta zaro kati biyu daga kwali ɗaya, suna iri ɗaya har na uba. Ɗaya Innarmu ce ta nan Rano, ɗaya wata mata ce ta Madachi. Rana ɗaya aka ɗebi jininsu, aka maƙala wa kowacce sakamakon 'yar'uwarta. Sau biyar muna komawa, ba wanda ya sake gwadawa. Mutum sittin a rana, in ji ta, Dakta ko ɗago kai ba ya samun yi.

Na ce to ita waccan fa? Afra'u ta nuna min katinta. Ashe an ce mata ba ta da suga.

Asabar, 13 ga Yuli

Na hau babur zuwa Madachi, hanya duk taɓo. Takwarar Inna tana zaune a inuwar rumbu, ƙafarta ɗaure da tsumma. Ƙaiƙayi ne ya zama gyambo tun kafin shuka, ya ƙi warkewa. Warin tun daga zaure. Ta ce, "'Yar nan, ai likita ya ce gajiya ce." Da na yi wa ɗanta Gajere bayani, fartanyar hannunsa ce ta faɗi. Yau ɗin suka tafi da ita Kano.

Laraba, 24 ga Yuli

An yanke wa takwarar Inna yatsun ƙafa biyu. Gajere ya kira, har godiya yake min.

Juma'a, 26 ga Yuli

Dakta Mahdi ya zo gida bayan sallar Juma'a, ya durƙusa gaban Inna. Ta ce ta yafe, ƙaddara ce. Shekara goma ina gaishe da mutumin nan kaina a ƙasa. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Dakta, ka je ka ga ta Madachi?" Ya ce yana da niyya. Na ce gobe ƙarfe takwas, zan jira ka a tasha. Ya ce to, Malama.

Inna ta ce wai muryata ta yi sama. Ni dai ban ji ba.