Inna Tana Jiran Baba, Yaya Zai Sake Gaya Mata Ya Rasu

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin Asabar, kaina ya kulle.

Mahaifiyata tana wurina tun rasuwar Baba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa ke damunta, ba ya warkewa, sai lallaɓawa. Ni ce wanka, ni ce magani, ga yara, ga keken ɗinkin da muke ci da shi. Ban taɓa ƙorafi ba, uwa ce.

Baba direba ne. Tun muna yara, da yamma Inna kan goge masa kujera ta ajiye kofin ruwa a gefe, kuma har yau ba ta fasa ba. Da ta ji ƙarar mota sai ta dafa bango ta leƙa taga, ta tambaye ni ko shi ne. Da farko gaskiya nake gaya mata. Wallahi Anti, duk ranar da na faɗa sai ta kurma ihu kamar yanzu aka shigo da gawar, ta ƙi abinci, jininta ya hau. Gari na wayewa ta manta, ta sake goge kujera. Sai na koma ce mata yana hanya. Takan yi tsaki ta ce mutumin nan bai san gida ba, ta ci abincinta lafiya lau. Ni kuma in laɓe bayan ƙofa in share hawaye, don ni ma ubana ne.

Yayana yana wani gari, sai ya ga dama yake leƙo mu, da ledar lemo da wa'azi. A zuwansa na ƙarshe ya ji ina ce mata yana hanya, ya ce na mayar da uwarmu abin wasa, ina yi wa mamaci ƙarya. Kafin in buɗe baki ya durƙusa gabanta ya gaya mata Baba ya rasu. Ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya fashe a hannun kujerar. Ni na kai ta asibiti, shi ya kama hanyarsa.

Yanzu ya yi waya zai zo Asabar, ya rantse zai yi ta maimaita mata har ya zauna mata a kai. Ko ɗinkin goshin ba a cire ba fa! In na tare shi, a ce ƙanwa ta yi wa babba rashin kunya. In na yi shiru, ina tsoron wannan karon ba za ta tashi ba. Ga ƙaryar ita ma tana cin raina. Ya zan yi?

Ƙanwa mai keken ɗinki

’Yar’uwa, sannu da ɗawainiya. Yayanki ba mugu ba ne. Yana ƙin ƙarya, kuma yana jin zafin ganin uwarsa tana jiran wanda ba zai zo ba. Inda ya kuskure shi ne zaton maimaici zai sa ta riƙe. Wannan ciwo ba ya barin sabon labari ya zauna, zafin kawai take sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ke ce a ɗakin.

Kada ki jira Asabar. Kira shi yau, cikin ladabi, ki roƙe shi ku fara zuwa wurin likitanta tare kafin ya shiga wurinta. Abin da ba zai karɓa daga bakin ƙanwa ba, zai karɓa daga bakin likita. In ya ƙi, ki sa babban da yake jin nauyinsa ya shiga maganar. Kare uwa daga faɗuwa ba rashin kunya ba ne.

Batun ƙarya kuwa, akwai hanya ta uku. In ta tambaya, ki zauna kusa da ita ki ce ta ba ki labarin motar Baba ta farko. Sau da yawa kewa ce ke magana, kuma hira na kwantar da ita.

Sannan in Yaya ya zo, ki bar masa ita wuni guda cur, da maganinta da tambayarta. Ki fita ki huta, ki yi kukan ubanki a sarari. Daga nan ku raba kwanaki, don ba ke kaɗai ta haifa ba.

Ki gaya masa Baba sau ɗaya ya rasu, kada ya sa Inna ta riƙa rasa shi duk mako. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.