An Sa Gidan Kyaftin Vicko a Kasuwa

Viganj, 14 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga Yaya Baldo,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Renate. Gaisuwar ta tsaya nan, don ba ni da ƙarfin ƙarawa.

Ranar Litinin na shiga Orebić sayen maganin ƙafata. Ina wucewa ta gaban ofishin dillalin nan na kusa da tashar jirgin ruwa, sai na ga hoton wani gida manne a gilashi. Na tsaya ina cewa a raina wannan gida ya yi kama da namu. Sai na hango zanen gadona a shanye kusa da rijiya. A ƙasa an rubuta: tsohon gidan kyaftin ɗin jirgin ruwa, shekara ɗari biyu da hamsin, ɗaki goma sha huɗu, lambun lemo, itacen zaitun ɗari uku, ƙaramin coci, da matakala har cikin teku. Na sayarwa. Ba a rubuta cewa akwai mace 'yar shekara hamsin da tara a ciki ba.

Na shiga. Dillalin ya miƙe yana washe baki, ya ce ai yayana ne ya bugo masa daga Hamburg tun watan Fabrairu, ya ce an gama magana da ni. Hotunan kuma ya zo ya ɗauka ne ranar da na je ganin likita a Dubrovnik. Ashe kowa a ƙauyen nan ya sani sai ni. Shi ya sa matar mai burodi take ƙara min guda ɗaya kyauta tana sunkuyar da kai.

Ba ka ji kunya ba, Baldo? Mama ba ta cika shekara biyu a ƙasa ba. Shekara goma sha ɗaya ina juya ta a gado, ina wanke ta, ina ba ta abinci a baki, kai kana aiko kati ranar Kirsimeti. Wata guda kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta sa na rantse cewa gidan da kakan kakanmu Vicko ya gina ba zai fita daga hannunmu ba ina raye. Na rantse, kuma ina raye.

Rabin gidan nawa ne. Kada ka bugo waya, ina jin muryarka zan ajiye. Ka rubuto, in ga ƙaryar da rubutun hannunka.

Ƙanwarka,
Deša

Hamburg, 2 ga Mayu, 2005

Zuwa ga ƙanwata Deša,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Renate tana gaishe ki.

Laifi ɗaya na yarda da shi: na gaya wa dillali kin amince alhali ba ki amince ba. Amma sau huɗu ina ɗauko miki maganar nan, sau huɗu kina cewa miya za ta ƙone, ki ajiye waya.

Kin lissafa ɗaki goma sha huɗu. A nawa kike zaune? Biyu: kicin da ɗan ɗakin da ke gefensa. A bene bokiti ne jere suna tarar ruwa. Katakon rufin ya ruɓe, na sa yatsa a ciki ranar jana'izar Mama ya shige. Tun da an sa gidan cikin kayan tarihi, ba mu da ikon rufa shi da abin da muke iyawa, sai irin na asali. Ni ba ni da kuɗinsa, ke ma ba ki da shi.

Kin yi min gorin kati. Ina shekara goma sha tara Baba ya sa ni a jirgin ruwa, ya ce gida yana bukatar mai nema. Daga jirgi na koma walda a tashar nan, shekara arba'in da huɗu ke nan. Katangar da ta tare teku, da wutar lantarki, da gyaran cocin da ba a ibada a ciki sai sau ɗaya a shekara, duk daga bayana suka fito, kuma bayan nan yanzu ba ya miƙewa. Ni da Renate har yau a gidan haya muke, hawa na huɗu. Ke kin ba gidan ƙuruciyarki, kina kwana a cikinsa kina jin teku. Ni na ba shi tawa, ban kwana a cikinsa dare ɗari ba tun da na tafi. Kada ki sake nuna min ke kaɗai ya ci.

Akwai wani mutumin Vienna da yake so. Zai zo gani a watan Yuni, ki karɓe shi da mutunci. In kin ƙi, lauya ya ce kotu tana iya sa gidan a gwanjo ta raba mana abin da aka samu. Ba na son a kai nan, amma zan kai.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Baldo

Viganj, 19 ga Yuni, 2005

Baldo,

Gaisuwa.

Baƙinka sun zo, na kuma karɓe su da mutunci kamar yadda ka umarta. Na kai su bene na nuna musu bokitan ɗaya bayan ɗaya. Na nuna musu inda ɓeraye suke haihuwa, da bangon da yake gumi in iskar kudu ta taso. Mutumin sai murna yake yi, yana buga bango da zobensa. Matarsa ta tsaya a lambun lemo, ta ce a nan za a haƙa wurin ninkaya. Na ce mata ga teku can taku ashirin. Ta yi dariya, ta juya ta tambayi dillali da Jamusanci ko tsohuwar tana cikin kayan gidan ne. Ba ta san shekara shida na yi ina gyara gadaje a otal ɗin da Jamusawa suke sauka ba. Na amsa mata da harshenta, na ce:

"Tsohuwar ita ce mai gidan, kuma kin taka min albasa."

Amma ba don wannan nake rubuto maka ba. Na gan ka. Suna can lambu na koma bene in rufe taga, sai ga ka tsaye a bakin ƙofar waje, da sanda a hannu, da farar hula irin ta masu yawon buɗe ido. Ka taso tun daga Hamburg, ka iso ƙofar gidan ubanka, ka tsaya kamar direban da ya kawo su. Ba ka shigo ba, ba ka kira sunana ba. Daga baya na ji kwana biyu ka yi a otal a Orebić. Kotu za ka kai ni, amma ba ka iya haɗa ido da ni.

Ga abin da zan iya. Ka ɗauki babban gidan da matakalar teku, ka sayar wa wanda ka ga dama. Ka bar min ɗakin ajiyar man zaitun, da cocin, da itatuwan. A ɗakin man zan kwana, ina ga ta haka na cika rabin rantsuwata. Fiye da haka sai dai 'yan sanda su ɗauke ni da kujerata.

Deša

Hamburg, 4 ga Yuli, 2005

Zuwa ga Deša,

Bayan gaisuwa.

Ni ma na gan ki. Na ɗaga hannu, kika ja murfin tagar kika rufe. Wannan ba ki rubuta shi ba. Na daɗe a tsaye ina jira ki sauko.

Mutumin ya ce duka yake so ko ya fasa, kuma ba wanda zai sayi gida da maƙwabciya irinki a tsakar gidansa. Ko da ya yarda, ni ban yarda ki ƙare rayuwarki a ɗakin da ba taga ba.

Kin dame ni da rantsuwa. Kusan shekara biyu ina ɓoye miki wata takarda don kada in ɓata miki Mama, amma kin kai ni bango. Ga ta nan a cikin ambulan, ki duba kwanan watan. In idonki ba zai iya da rubutunta ba, ga abin da ta ce:

"Baldo, in na mutu ka sayar da gidan nan. Deša ba za ta fita da ƙafarta ba sai rufin ya faɗo mata. Ni na hana ta tafiya lokacin da take da inda za ta. Kai ka fi ta taurin zuciya, ka yi abin da na kasa. Kada ka gaya mata na ce."

Yanzu na gaya miki. Kin mai da ni ɓarawo a idon ƙauye, har mai burodi ya ƙi amsa gaisuwata, alhali saƙon uwarmu nake cikawa. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki san da wa kike yi.

Yayanki,
Baldo

Viganj, 11 ga Satumba, 2005

Yaya Baldo,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, don duk takardar da na fara sai alƙalamin ya huda ta.

Rubutunta ne. Na gane ambulan ɗin ma, don ni na kai shi gidan waya da kaina, ni na sayi kan sarki na lasa na manna. Ta ce min gaisuwa ce kawai take aika maka. Kwana biyar ke nan bayan ta riƙe hannuna ta sa ni rantsuwa. Kwana biyar, Baldo.

Washegarin da takardarka ta zo, da tsakar rana, na tafi maƙabarta. Ban kai mata fure ba. Na tsaya a kanta na faɗa mata duk abin da ban faɗa ba a shekara goma sha ɗaya. Na tuna mata da Frano, malamin makarantar da ya nemi in bi shi Split, ta kwanta ciwon ƙarya har ya gaji ya tafi. Na ce mata in ta san ta cuce ni, me ya hana ta buɗe baki ta ce min, ni da nake zaune a gefen gadonta? Sai ta ɗaure ni da rantsuwa, ta ba ka wuƙa, ta tafi ta bar mu mu yanka juna, ita ta fita da hannu fari. Ina ta ɗaga murya har fada Don Stjepan ya fito daga coci ya ce in ji tsoron Allah, matattu ba sa amsawa. Na ce masa na sani, shi ya sa yau ne karon farko da na kai ƙarshen magana da ita.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Da ka nuna min takardar ranar jana'iza, da na yi kukana gaba ɗaya. Sai ka zaɓi in tsinci gidana a gilashin dillali.

Zan sa hannu. Ba don kai ba, ba don ita ba. Na hau bene ran nan da aka yi ruwa, na tsaya ina juye bokitai, sai na tambayi kaina wa nake yi wa, ban samu suna ko ɗaya ba. Lauya ya sa ranar 20 ga Oktoba a Korčula. Na ga wani ɗan gida a Orebić, bayan kasuwa, inda ba a hango teku, kuma da gangan na zaɓe shi.

Sharaɗina ɗaya ne. Ka zo da kanka ka kwashe gidan. Akwatunan jirgin Vicko, hotunan bango, kayan auren Mama, takalman Baba da suke ƙarƙashin gado har yau, kai za ka ɗaga kowanne ka ce wannan a ajiye, wannan a zubar. Ba ɗan dako, ba dillali. Ni ko cokali ba zan taɓa ba. Zan zauna a kujera ina kallonka.

Ka gai da Renate, ita ba ta yi min komai ba.

Ƙanwarka,
Deša

Hamburg, 26 ga Satumba, 2005

Deša,

Bayan gaisuwa. Zan iso ranar 9 ga Oktoba, ni kaɗai.

Na zaci ranar da kika ce kin yarda zan ji sanyi. Ban ji ba. Sati biyu ke nan abinci ba ya shiga, kuma har wannan ma haushinki nake ji a kai.

Kada ki sa hannu a komai sai na zo. Ban ce na fasa ba. Na bugo wa lauya na ce ya ɗaga ranar. Ya tambaye ni zuwa yaushe, na ce ban sani ba.

Sai na zo.

Yayanki,
Baldo