Askar da Ke Ƙasan Akwati

Zuwa ga Baffana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Inna. Yaya ciwon gwiwar?

Baffa, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, wata biyu ke nan ba a yi masa aski ba, ƙasumba ta rufe masa fuska. Ka san ɗan'uwanka da tsafta. Na kawo injin aski, ya kawar da kai. Yanzu ko abokansa suka zo dubiya sai ya juya ya fuskanci bango, likita kuwa ya ce kaɗaicin nan zai fi ciwon yi masa illa.

Jiya na tsinci askarsa a ƙasan akwati, mai naɗewa cikin ƙotar ƙaho, wadda ka ba shi ranar da ka rufe shagon askinka. Da ya gan ta ya kasa ɗauke ido. Na ɗauko fatar wasawa, na tura askar baki gaba kamar a dutsen wasawa. Sau uku kacal, fata ta tsage, baki ya dakushe. Ni da ke koya wa yara arba'in karatu! Ka cece ni.

Ɗanka,
Auta

Zuwa ga Baffana,

Bayan gaisuwa da ban girma, saƙonka ya iso, har da sabuwar fata. Allah ya saka maka da alheri. Na sha dariya da ka ce alli daban, aska daban.

Na haddace: a dutse baki ke gaba, a fata baya ke gaba. Sai yanzu na gane amfanin kaurin bayanta, ashe shi ke daidaita kwanciyar bakin. Kwana huɗu ina gwaji a gashin hannuna, har maiɗakina ta ce na koma figaggiyar kaza.

Yau da safe na gasa masa fuska da tawul mai ɗumi, na shafa kumfa. Na ɗora askar a kumatunsa. Can sai Baba ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya kwantar da askar kaɗan, sannan ya ja fatar kumatunsa da yatsu biyu. Haka muka yi askin tare. Na ɗan yanke shi a haɓa, ya harare ni, wallahi har na ji daɗin hararar.

Ya daɗe yana kallon madubi. Daga nan ya nuna hularsa, ya nuna ƙofa.

Yanzu haka yana zaune a waje, abokansa uku sun kewaye shi. Daga tebur ɗin nan ina jin dariyarsa. Ta ɗan karkace, Baffa, amma tasa ce.

Ɗanka mai godiya,
Auta