Ya riga ni ganin tafiyar Hadiza

Daren Talata, watan Rajab, Kebbe

Mun dawo daga Tambuwal. Abin da na gani yau, sai na rubuta shi.

Za a yi wa jikata Hadiza gwajin ƙwaƙwalwa, sai kakarta ta yi mata sabon kitso, ta shafe shi da man shanu don mu shiga asibiti da mutunci. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, wa ya aike ku? Wayoyin gwajin ba su kama kai mai maiƙo." Sai da aka tsefe aka wanke, sannan aka sa mata hula mai wayoyi.

Likitan ƙwaƙwalwar yana can birni, fuskarsa kawai muke gani a wayar salula, shi kuma yana duba abin da hular ke aika masa. Hadiza na ba ni labarin akuyarta, sai likitan ya ce, "Ga ciwon nan ya fara." Sannan maganarta ta yanke, idanunta suka kafe. Ni da ke riƙe da hannunta, ya riga ni sani.

Shekara biyu hankalinta na irin wannan tafiyar, muna cewa iskoki ne, har muka cire ta daga makaranta. Ya ce ƙaramar farfaɗiya ce, tana da magani. Da kaina na karanta takardar sakamakon, da bokon da na koya a ajin manya. Za ta koma aji. Alhamdu lillahi!

Da za mu fito, ma'aikaciyar ta ɗaga hular tana dariya: "Baba, a duba naka?" Na danne hulata da hannu biyu. Na ce abin da ke cikin nawa, a bar wa Allah.